Tazarar mai shi da marar shi: tambayoyi da amsoshi kan rashin daidaito da ci gaba mai ɗorewa

Duk inda aka taso da zancen tazarar da ke tsakanin mai kuɗi da talaka, a majalisar ƙofar gida ne ko a cikin motar haya, tambayoyin kusan iri ɗaya ne suke dawowa. Wasu na neman sani ne, wasu na musu, kuma duka sun cancanci amsa. Na tattara waɗanda na fi ji, na amsa su da abin da ke faruwa a Arewacin Najeriya, domin nan na sani, nan kuma abin ya fi yi mini ciwo.

Ai ko yatsun hannu ba tsawonsu ɗaya ba. Me ya sa ake ɗaukar bambancin arziki kamar laifi?

Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ce sai kowa ya mallaki daidai da abin da kowa ya mallaka. Wani ya fi wani himma, wani kasuwa ta karɓe shi, wani ya gaji gona, wani bai gaji ko fartanya ba. Arziki na Allah ne, yana ba wanda ya so. Ba da wannan ake kuka ba.

Abin da ake kuka da shi shi ne a ce garin da aka haife ka, da nauyin aljihun mahaifinka, da kasancewar mutum namiji ko mace, su ne za su yanke ko zai kai shekara biyar a raye, ko zai iya karanta sunansa, ko alƙali zai saurare shi. Ɗauki jarirai biyu da aka haifa rana ɗaya, ɗaya a asibitin kuɗi a Abuja, ɗaya a ɗakin kara a wani ƙauyen Kebbi da mota ba ta shiga da damina. Babu wanda ya yi ƙoƙari ko lalaci a cikinsu tukuna, amma an riga an raba musu hanya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa a Arewa maso Yamma, 187 ba sa kai shekara biyar, alhali a Kudu maso Yamma 62 ne. Wannan ba tsawon yatsu ba ne. Rashin rigakafi ne, rashin ruwa mai tsabta, rashin ma'aikacin jinya a kusa, kuma duk mutane ne suka tsara inda za a kai waɗannan abubuwa da inda ba za a kai su ba.

Shi kuma "ci gaba mai ɗorewa" da ake ta faɗa a rediyo, mene ne?

Manomi ya san shi tun kafin a raɗa masa suna: komai yunwa, ba a cinye iri. Kalmar ta yi ƙarfi a 1987, lokacin da wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland, 'yar ƙasar Norway, ya bayyana shi da cewa mutanen yau su biya buƙatunsu ba tare da sun toshe wa na gobe hanyar biyan nasu ba. A watan Satumban 2015 ƙasashen duniya, har da Najeriya da Nijar, suka amince da muradu 17 da ake son cim ma kafin 2030. Na goma a cikinsu shi ne rage rashin daidaito. A ganina shi ne igiyar da ta ɗaure sauran, kuma abin da ragowar amsoshin nan ke ƙoƙarin nunawa ke nan.

Yaya girman tazarar take a Najeriya, in da alƙaluma?

Akwai su, kuma daga gwamnati suka fito. A Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya auna talauci ta fuskoki da dama: abinci, ilimi, lafiya, ruwa, makamashin girki, aikin yi da tsaro. Mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan ƙasa, suka faɗa cikin wannan ma'auni. Miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. A jihar Sakkwato kashi 91 ne, a Ondo kashi 27. A karkara kashi 72, a birni kashi 42.

Kafin nan, rahoton 2019 da ya auna abin da mutum ke kashewa ya sa layin talauci a naira 137,430 a shekara. A lokacin, kashi 40 na 'yan Najeriya suna ƙasa da wannan layi. A Legas ba su kai kashi 5 ba, a Sakkwato da Taraba da Jigawa sun haura kashi 87. Ba a ma sa Borno a lissafin ba saboda rashin tsaro.

A ɗaya gefen kuma, ƙungiyar Oxfam ta ƙiyasta a 2017 cewa dukiyar mutum biyar da suka fi kowa kuɗi a ƙasar ta kai dala biliyan 29.9. Kada a manta, wasu daga cikin manyan attajiran nahiyar Afirka 'yan Arewa ne. Saboda haka zancen bai tsaya ga Kudu da Arewa ba. Tazarar tana nan a cikin Kano kanta, tsakanin unguwar da ake ban-ruwan fulawa da tiyo da unguwar da ake layin jarka, kuma tafiyar minti goma ce a adaidaita-sahu.

Ana cewa talaka ya fi mai kuɗi sayen abu da tsada. Ta yaya haka za ta yiwu?

Fito bakin layi da asuba ka ga 'yan garuwa suna tura kura cike da jarkoki. Mai halin da ya haƙa burtsatse a gidansa ya biya sau ɗaya, yana wanka, yana wanke mota. Maƙwabcinsa yana sayen ruwa jarka-jarka kullum, kuma in aka haɗa kuɗin shekara, shi ya fi biya a kan kowace lita, ga shi ba shi da tabbacin tsabtar ruwan. Haka abin yake a cefane. Mai kuɗi na sayen buhu, talaka na sayen gwangwani. Man ƙulli, sikarin ƙulli, omo na ƙulli, duk sun fi tsada idan aka auna, amma wanda yake hannu baka hannu ƙwarya ba shi da zaɓi.

Inda abin ya fi muni shi ne a gona. Na ga wannan a gidanmu. Wata shekara, ana tsakiyar kaka, matar kawuna ta zo haihuwa ta gagara, aka ce sai an yi mata aiki, kuma sai an biya kafin a shiga da ita. Babu abin sayarwa sai masarar da aka sussuke ba a ma gama ɗinke buhunan ba. Ya kai kasuwa a lokacin da kowa ke kawo tasa, farashi a ƙasa warwas. Allah ya sa uwa da ɗa suka rayu. Amma da damina ta yi tsakiya, rumbu ya zama fayau, sai ga shi yana auno irin wannan masarar a tiya da kusan ninkin kuɗin da ya sayar. Kuɗin taki ya tafi a abinci. Ya bar gonarsa da ciyawa yana ƙwadago a gonar wani don a ɗora tukunya. Kakar da ta biyo baya bai samu rabin abin da ya saba samu ba, sai ya jinginar da gona ɗaya. Shekara huɗu kafin ya fanshe ta.

Ɗan kasuwar da ya sayi masarar ya ajiye bai yi sata ba. Abin da ya rasa wa kawuna shi ne inshorar lafiya, ko bashi mai sauƙi na wata shida. A Najeriya sama da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa kai tsaye. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 na kasafin kuɗi ga lafiya, amma kason gwamnatin tarayya yawanci yana yawo ne tsakanin kashi 4 zuwa 6. Ciwo ɗaya ya isa ya mayar da gida baya da shekaru.

To mene ne haɗin wannan da muhalli? Ai talaka ba shi da masana'antar da za ta gurɓata iska.

Haka ne, kuma wannan ma wani rashin adalcin ne a matakin duniya: Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma mu ke fama da fari da ambaliya. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri. Ruwa ba ya tambayar mai gida nawa yake da shi, amma wanda ya gina da jar ƙasa a kwari shi ne bangonsa ke fara zubewa, shi ne kuma ba shi da ajiyar da zai sake gini.

Sai dai akwai wani gefen da ba ma son faɗa. Wanda aka matse yana cin gobensa don ya ga yau. Duk lokacin da kuɗin iskar gas da kananzir ya tashi, matan birni suna komawa gawayi, motocin itace suna ƙara yawa a hanya, dazuzzukan da suka rage suna ƙara sirancewa. Mai sare bishiyar ya san amfaninta sarai. Yunwar yaransa ce ta fi kusa da shi.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa misali. Zinare ya yi tsada a kasuwar duniya, manoman ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, suka shiga haƙa. Ba su da injin sarrafawa, ba su da wanda zai gaya musu dutsen yana ɗauke da dalma. Suka riƙa kawo shi gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ƙurar tana sauka a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu, wasu da lahanin ƙwaƙwalwa na har abada. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta fara gano abin. Bagega kuwa sai a 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, domin kuɗin aikin ya makale a Abuja. Zinaren ya tafi inda ya tafi, dalmar ta zauna a jinin 'ya'yan talakawa.

Amma gwamnati ta yi manyan ayyuka a Arewa, ga madatsun ruwa nan. Ba ci gaba ba ne wannan?

Ci gaba ne ga wasu. Tambayar da ya kamata a riƙa yi wa kowane babban aiki ita ce: wa ya ci, wa ya biya?

A ƙarshen shekarun 1970 aka gina madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, don noman rani na zamani. Ruwan tafkin ya cinye gonaki da ƙauyuka. An karɓe wa wasu manoman gonakinsu shekaru ana baje ƙasa ana haƙa magudanai, ba su noma ba, diyya kuma ta zo a makare, ta zo a gurguje, wasu ba ta zo musu ba sam. Da suka gaji da kai kuka suka tare hanyoyin shiga aikin. A Afrilun 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka harbe manoma, aka ƙona gidaje. Can ƙasa da madatsar kuma, fadamun da ambaliyar kogi ke jiƙawa duk shekara suka rage samun ruwa, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya. Waɗannan mutanen ba a ma lissafa su cikin waɗanda aikin ya shafa ba.

Labarin madatsun Tiga da Challawa ya fi wannan shiru, amma darasin ɗaya ne. An gama Tiga a 1974, Challawa a 1992. Sun ba Kano ruwan sha, sun raya noman rani a Kadawa da Kura, kuma duk wanda ya ci tumatirin rani ya san amfaninsu. Amma kogin Haɗeja daga nan yake samun ruwa, shi ne ke malala ya cika dausayin Haɗeja da Nguru, inda manoman shinkafa da masunta da makiyaya suka rayu ɗaruruwan shekaru suna karɓa-karɓa: ruwa ya zo a kama kifi, ya janye a shuka, a girbe shanu su shigo. Da aka tare ruwan, ambaliyar ta ragu. Sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara kuma ya ba ciyawar kachala damar mamaye hanyoyin ruwa, ta toshe su, wasu gonakin suka nutse, wasu suka bushe, tsuntsayen jan-baki suka samu maɓoya suna cinye hatsi. Masana tattalin arziki da suka auna abin a farkon shekarun 1990 sun gano cewa ruwan da ya malala a dausayin ya fi kawo amfani, mudu da mudu, a kan wanda aka karkatar zuwa noman rani. Amma masuncin Nguru ba shi da kujera a teburin da aka yanke shawara.

Abin da nake so a gane shi ne, aikin da aka yi ba tare da jin muryar marar ƙarfi ba, ko injiniyoyinsa sun ƙware, yakan kashe wani arzikin da ba a gani don ya gina wanda ake gani.

Ina ilimi ya shigo?

A tsakiya. UNICEF ta daɗe tana cewa yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, UNESCO kuma a 2022 ta kai adadin kusan miliyan 20 da ta haɗa da 'yan sakandare. Mafi yawansu a Arewa suke. Wanda ma yake zuwa, a makarantar gwamnati ta unguwa za ka tarar da aji ɗaya da yara sun fi ɗari a zaune a ƙasa, malami ɗaya da alli. Ranar da manya suka kwashe 'ya'yansu daga makarantun gwamnati, ranar makarantun suka rasa mai yi musu faɗa.

Ga 'ya mace abin ya ninka. Ana zargin iyaye da ɗora wa yarinya talla, amma ka tambayi uwar: kuɗin tallar ne cefanen yau, shi ne kuma adashen kayan ɗaki. Ba ƙin karatu ba ne kullum, lissafi ne na wanda ba shi da rara. Sai dai farashin da ake biya daga baya babba ne, domin uwar da ta yi karatu ta fi kai yaro rigakafi, ta fi zuwa awo, ta fi gane lokacin da zazzaɓi ya wuce na jiƙo. Cire yarinya ɗaya daga aji yana bin jikokinta.

Shin rashin daidaito ne ya haifar da 'yan bindiga da Boko Haram?

Ba zan ce shi kaɗai ba, kuma zalunci ne a ɗora wa talaka laifin ta'addanci. Miliyoyin matalauta ba su taɓa ɗaukar ko wuƙa ba, su ne ma ake kashewa. Amma duk wanda ya bibiyi rikicin Zamfara ya ji ƙorafin da aka daɗe ana yi tun kafin bindiga ta yi yawa: burtali da filayen kiwo da aka yanka aka raba wa masu hali, makiyayin da ake tatsa a ofishin 'yan sanda da kotu, manomin da aka cinye wa gona bai samu mai share masa hawaye ba. Inda mutane suka fid da rai da samun adalci, mai kiran su zuwa ga ɓarna ba ya shan wahala.

Rashin tsaron kuma ya dawo yana faɗaɗa tazarar. Mai hali ya kwashe iyalinsa zuwa birni, ya hau jirgin sama. Manomi yana biyan 'yan bindiga haraji kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Chibok a 2014, Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021, Kuriga a 2024: makarantun gwamnati ne, 'ya'yan talakawa ne, kuma bayan kowane hari akan rufe wasu makarantun da dama.

Me ya sa Arewa ce a baya? Laifin Turawa ne ko na shugabanninmu?

Duka biyun, amma ba rabo daidai ba. Tarihi yana da nasa kaso. An buɗe makarantar sakandare ta farko a Legas a 1859, alhali makarantar bokon Baturen nan Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano sai a 1909, ita ma an fi nufin 'ya'yan sarakuna da malamai da ita. A 1955 Awolowo ya fara ilimin firamare kyauta a Jihar Yamma. Tashar jiragen ruwa da bankuna da manyan kamfanoni duk suna bakin teku. Masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, waɗanda suka riƙe dubban gidaje, sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ga rashin wuta, ga atamfar fasa-ƙwauri.

Amma an fi shekara 60 da samun 'yanci, kuma 'yan Arewa sun riƙe mulkin ƙasar nan shekaru masu yawa a ciki. Ba Bature ne ya hana gwamna ɗaukar malaman firamare ba. Ba kuma sabon zance nake yi ba: a kan wannan Malam Aminu Kano da abokansa suka yi gwagwarmayar jam'iyyar NEPU tun 1950, suna cewa matsalar talaka tana nan a gida. Da jam'iyyar PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Ana iya yi idan an so.

Cire tallafin man fetur ya rage tazarar ko ya ƙara ta?

A takarda, tallafin ya fi amfanar masu motoci da janareto da 'yan fasa-ƙwauri. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 40 na 'yan ƙasa da suka fi talauci ba sa shan fiye da kashi 3 na fetur ɗin da ake sayarwa. Saboda haka hujjar cirewa tana da ƙarfi. Matsalar ita ce yadda aka yi. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarewarsa, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024, ga faɗuwar darajar naira a lokaci guda. Talaka ba ya sayen fetur da yawa, amma kuɗin mota yana cikin kowane mudun da yake awo. Hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40 a tsakiyar 2024, a watan Agusta kuma aka fito zanga-zangar yunwa. A 2024 an ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, amma manomi da mai shayi da mai wankau ba su da albashi.

Kuɗin da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai tun daga lokacin. Amsar tambayar tana wurin gwamnoni: in kuɗin ya tafi makaranta da asibitin karkara, tazarar za ta ragu. In ya tafi gadar sama da motocin alfarma, to an karɓa daga hannun talaka ne an ba wanda ya fi shi.

Muna da zakka da sadaka. Ba su isa ba?

Da ana fitar da zakka yadda aka wajabta, kashi biyu da rabi na dukiya da ushirin amfanin gona, a kuma ba mutum abin da zai zama jari maimakon a tara jama'a a ƙofar gida a raba musu 'yan canji, da an ga bambanci. Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, Sakkwato ma tana da tata. Waƙafi kuwa, a gina shaguna ko a dasa gona a tsayar da kuɗinsu ga makaranta ko asibiti, shi ne abin da ya fi kama da ci gaba mai ɗorewa a cikin abin da muka gada, kuma mun yi sakaci da shi ƙwarai. Amma zakka ba ta ɗauke wa hukuma nauyinta ba. Ba za ta biya albashin malaman jiha ba, ba za ta hana a ƙwace gonar marainiya ba.

Akwai inda aka ba talaka haƙƙinsa aka ga canji, ko duk zance ne?

Akwai, kuma a ƙasar Hausa. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, gonakin Maraɗi da Damagaram sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. An kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa, yawancinsu suka mutu. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, a dokar da aka gada daga Faransa bishiya ta gwamnati ce. Manomi zai iya shan tara a hannun ma'aikatan gandun daji don ya sari reshe a gonarsa. To don me zai rene ta?

Daga wajen 1983 wani ma'aikacin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman Maraɗi, suka lura cewa kututturan da ake sassabewa duk shekara suna da rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. Maimakon a sare tohon gaba ɗaya, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Manoma suka kira shi sassaben zamani. Ba a sayen iri, ba a ban-ruwa, wuƙa ce kawai da haƙuri. Abin ya bazu ne da hukuma ta sassauta riƙo, manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, daga baya kuma dokoki suka bi sahu. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta yankin Agye, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, da mata da makiyaya a ciki.

Masu bincike da suka kwatanta hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Da yawansu gawo ne, wanda ke zubar da ganye da damina, ya bar rana ta sauka kan gero, ya ƙara wa ƙasa taki, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa. Matar da ke yini tana neman itacen girki ta samu a gonar gida. Nijar ba ta fita daga talauci ba, amma waɗannan manoman sun yi abin da manyan ayyuka masu biliyoyi suka kasa.

Ni da ba gwamna ba, ba attajiri ba, me zan sa wa ido?

Kuɗin da doka ta riga ta ware, waɗanda ke ɓacewa don babu mai tambaya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 na kuɗin shigar tarayya ga ilimin firamare da ƙaramar sakandare, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, kuma an sha barin biliyoyin naira a asusun hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, don jihohi ba su ajiye ba. Tambayi ɗan majalisarku ko jiharku ta karɓi nata. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 don kula da lafiya a matakin farko, ana nufin a samu asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa. Je ka ga naku, ka tambaya ko kuɗin na isowa, ko akwai mai karɓar haihuwa da dare. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ana wallafa abin da kowace ke samu duk wata, ana iya dubawa a waya.

In duk wannan ya yi nisa, fara da makarantar firamaren unguwarku. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku je ranar Talata da ƙarfe goma na safe, ku gaisa da hedimasta, ku ƙirga malaman da ke cikin aji da yaran da ke gabansu, ku rubuta. Bayan wata ɗaya ku koma ku sake ƙirgawa, sannan ku kai takardar gaban mai unguwa da kansila.